Jirgin Fiton Kyaftin Gwadabe

Wanda bai san Alhaji Gwadabe ba, bai taɓa jiƙa ƙafa a kogin Wudil ba. Mutum ne mai hangen nesa, har abin da babu yakan hango. Shi ya raɗa wa kansa Kyaftin, mu kuma muka amsa, don a zauna lafiya.

Kwalekwalen fito ya gada wurin mahaifinsa, mai tsallakar da 'yan kasuwar Juma'a da awakinsu. Burinsa ɗaya a duniya, dagaci ya naɗa shi Sarkin Fito.

Da arzikin fetur ya ɓarke, Alhaji ya ce tura jirgi da gora aikin mutanen da ne. Ya sayo inji daga Kano, gorar kuwa ya datse ta ya ɗaura mata tuta. Ya yi rufin kwano. Ya sa hon ɗin tirela, wanda ranar gwaji ya firgita akuyar Uwa mai ƙosai ta faɗa ruwa, Uwa ta bi ta. Alhaji ya ce ai shaida ce hon na aiki. Ya rataya fanka ba lantarki, sannan ya daɓe cikin jirgin da siminti, wai kamar falon manya. Masha Allah, jirgi ya yi kyau, ya yi nauyi.

Tsakiyar rani dagaci ya yarda a tsallakar da shi, da rawanin naɗi a jakarsa. Alhaji ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, jirgin nan ko a tekun Ikko ba ya nutsewa. Ni Kyaftin na faɗa."

Gaskiya ya faɗa, bawan Allah. Suna kaiwa tsakiyar kogi jirgi ya zauna daram a kan yashi. Inji ya yi tari ya mutu. Aka nemi gora, ga guntuwarta can sama tana fama da tuta. Dagaci ya leƙa, ya ga ruwa iya gwiwa ne, ya naɗe wando, ya taka zuwa gaɓa bai waiwayo ba.

Alhaji ya danna hon, ya sanar cewa kyaftin na gaske ba ya barin jirginsa. Ba wanda ya yi masa musu. Girman kai dai rawanin tsiya ne.

Ya'u mai ɗiban yashi ne ya kwashe sauran fasinjoji a kan jakinsa, ranar kuwa aka naɗa shi Sarkin Fito. Da yunwa ta ci Kyaftin, shi ma jakin ya hau, yana roƙon sabon sarki ya bi a hankali, don bai iya ruwa ba.