Mudun Alhaji Adali

A wani gari da ake kira Kowanagari, Majalisar Gyaɗa Kai ta taɓa yin doka mai kyau, abin da bai saba faruwa ba. Doka ta ce kowa ya yi addininsa, na masallaci da na coci. Wanda ya zagi addinin wani, ɗauri. Wanda ya tsananta har ya tara mutane su yi wa wani hukunci a titi, shi ma ɗauri. Ko Tabawa mai waina, wadda ba ta yabon hukuma, ta ce wannan karon sun yi abin kai.

Wanda ya fara fahimtar dokar sosai shi ne Alhaji Adali mai shinkafa. Mudunsa an buge gindinsa ciki, uku nasa biyu ne na mutane. Ya kira mai fenti ya rubuta masa a jikin mudun: ALLAH NA GANI. Kafin sati, Bitrus mai nama ya yi wa sikelinsa irin wannan ado. Majalisa kuma ta raɗa wa rijiyar da ta haƙa babu ruwa suna Rijiyar Taƙawa, ƙorafi ya ɗauke.

Ran kasuwa Tabawa ta auni mudu uku, ta ɗaga buhun ta ji shi sakayau.

"Alhaji, mudun nan naka maƙaryaci ne."

Alhaji Adali ya dafe ƙirji. "Jama'a, kun ji abin da ta kira abin da ke ɗauke da sunan Allah?"

Kusan ba wanda ya ji, amma kowa ya fusata. Da azahar Tabawa na gaban Alƙali Sai-Gobe, kaskonta na can wuta ta mutu, ɗaurin shekara biyu na jiranta. A waje mutum ɗari uku ne da sanduna. Ta nuna su ta taga.

"Ranka ya daɗe, waɗancan fa? Ba su ne dokar ta hana ba?"

Sufeton 'yan sanda ya ce ya bincika, ba taro ba ne, kowa shi kaɗai ya zo.

Aka kira shaida na farko, wani mai tura kura. Alƙali ya ce ya faɗi abin da ta ce. Bawan Allah ya maimaita tiryan-tiryan, aka ɗaure shi nan take, tunda yanzu daga bakinsa maganar ta fito. Shaida na biyu ya ga haka, ya ce abin ba ya maimaituwa. Na uku ya ce yana ƙauye lokacin, amma tsigar jikinsa ta tashi. Magatakarda ya rubuta hujja biyu masu ƙarfi.

Tabawa ta ce, "To a kawo wani mudun a gwada mana. Ba shi ke nan ba?"

"Baba, kina ƙara wa kanki," in ji alƙali. "Gwaji shakka ne, shakka kuwa rabin zagi ne."

Amma Sai-Gobe mutum ne mai tausayi, kuma yana cin wainarta. Ya ce in ta ba mudun haƙuri a gaban jama'a, ta tafi gida. Tabawa ta tuna ƙullun da ta bari yana tsami, ta ce ta yarda. Aka kawo mudun a kan faranti, aka ajiye a tebur.

"Me zan ce masa?"

"Karanta abin da ke jikinsa, ya wadatar."

Tabawa ta ɗauki mudun, yatsunta suka faɗa cikin lotsawar gindinsa. Ta dubi Alhaji Adali. Ta dubi alƙali, da sufeto, da masu sanduna ta taga. Sannan ta karanta a hankali.

"Allah na gani."

Alhaji Adali ya soma gumi. Wani a waje ya ɓoye sandarsa a bayansa. Alƙali ya gyara rawani, ya buɗe littafin doka, ya daɗe yana nema.

An wanke Tabawa daga laifin zagi. Sai dai an ba ta shekara uku a ƙarƙashin sashen tsattsauran ra'ayi, ita kaɗai aka taɓa kamawa da shi a tarihin Kowanagari. Takardar hukuncin ta ce kalmomin ba su da laifi, kowa na rubuta su a shago da bayan mota. Laifinta shi ne ta faɗe su kamar da gaske take.