Rabon Faɗa a Kan Ƙanƙara

Surukina likita ne na wata ƙungiyar hoki ta kan ƙanƙara a nan London. Ranar bikin tunawa da kafa ta ya kai ni, ya zaunar da ni dab da ƙofar 'yan wasa. Yana ta ba ni tarihinta, ina gyaɗa kai kamar da ni aka kafa ta, alhali ko kalma ban riƙe ba.

Can sai ƙarti biyu suka yar da sanduna suka kama dambe. Alƙalan wasa sun zuba ido, jama'a na tafi. Na ce dattijo na zaune za a yi wannan ɓarna? Na tattare babbar riga, na tura ƙofa.

"Baba, al'adar wasan ce!" in ji surukina.

Taku ɗaya na yi. Ban ƙarasa "ku ji tsoron Allah" ba na ga ƙafafuna a sama, hula ta kama gabanta, a gaban suruki. Faɗa kam ya rabu, don su biyun ne suka ɗauko ni cak.

Har yau, da maƙwabta sun ɗaga murya, sai matata ta ce, "Alhaji, tashi ka je ka faɗi mana."