Jinjinar da Na Yi wa Sojan Koriya ta Arewa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da hannuna ya kunyata ni a iyakar Koriya.

Lokacin ina Amurka, a garin Lanham gidan Kawu Sale, ina tuƙa tasi. Haka kawai labarin Koriyoyin nan biyu ya shiga raina. Ba bidiyon da ban kalla ba. Fasinja ya shigo, kafin mu kai Washington ya san yadda aka raba ƙasar (ko ya tambaya ko bai tambaya ba). Bayan sallar Juma'a kuwa, da an hango ni kowa sai ya hau neman takalminsa.

Abin da ya fi tafiya da ni wani shuɗin ɗaki ne da aka gina a kan layin iyakar, rabi Kudu, rabi Arewa. Ka zagaya teburi kawai, ka taka Koriya ta Arewa! Na yi wa jama'a alkawarin hoto. Kawu ya ce, "Kai da ko Kanada ba ka leƙa ba?"

Na je fa, ta ɓangaren Kudu. A cikin bas sojan da ke mana jagora ya jero dokoki: ba nuni da yatsa, ba ɗaga hannu, ba kula sojojin can. Ni har maimaita wa wata tsohuwar Baturiya da ke gefena na yi, wai kada ta ja mana.

Aka jera mu a gaban ɗakin. Can tsallake wani sojan Arewa ya sauke abin hangen nesansa ya zuba min ido. Ni kuwa a Jibiya na tashi, garin iyaka. A can mai kaki ya kalle ka ba ka gaishe shi ba, a bakin shinge za ka wuni. Wallahi ban san lokacin da na dunƙule hannu na ɗaga sama ba, har da ɗan rusunawa: "Ranka ya daɗe!"

Ashe abin da muke kira jinjina, su naushi suka gani. Sojan ya yafito ɗan'uwansa. Namu ya daka tsawa, "Kowa ya koma bas!" Shiga ɗaki ta fasu, ba tawa kaɗai ba, ta kowa da kowa. Tsohuwar nan ta juyo ta ce, "Yaro, wace dokar ce ma ka ce kada in karya?" Da ƙasa za ta tsage da na shige (ita ma an ce nakiya ce binne a ciki).

Da na dawo, Kawu ya tare ni gaban mutane: "Ina hoton?" Dole na fayyace. Ya ce, "To, ya amsa gaisuwar kuwa?"

"Bai amsa ba, Kawu."

"Ka ji rashin tarbiyya!" Aka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki.

Abin da na koya dai: karatun intanet a ka yake tsayawa, hannu kuwa abin da aka koya masa a gida yake yi. In za ka iyakar da ba taku ba, bar ladabinka a otal.