Farautar Rezo a Gidimuni

Laifina ɗaya: rabin darasin fizik na saurara. Malaminmu, Mushe, ya ce igiyar da ke kawo rezo, wato sabis ɗin waya, tana ratsa iska tana kaɗawa sama da ƙasa.

Da na je hutu Gidimuni, Kaka ta matsu ta ji muryar 'yarta mai jego a Kano, salula ta ƙi kira.

"Kaka, bar wa masana," na ce. Na ɗauki salular na fita ƙofar gida, in yi tsalle, in durƙusa, wai in cafke igiyar. Har awaki suka taru kallo.

"Maigidan, boko ne ko aljanu?" in ji Kaka.

Wata mai tallan gyaɗa ta karɓi salular, ta kashe alamar jirgin saman nan mai toshe rezo, kira ya shiga. Har yau Sama-da-Ƙasa suke kirana.