Rasuwar Malam Hamsin na Bakin Titin Roni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da rumfa mai cike da kankanar da ba a saya ba, ni Lauwali mai kankana nake sanar da rasuwar maƙwabcina, Malam Hamsin, allon taƙaita gudu da ke mashigar garinmu, kan hanyar Kazaure zuwa Roni. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana bakin aiki.

Marigayin fari ne tas, da jan rawani zagaye da fuskarsa, kuma shekara tara magana ɗaya ya riƙe: 50. Jar da'irar nan ba kwalliya ba ce, umarni ne: kada abin hawa ya wuce kilomita hamsin a awa, wanda ya wuce ya karya doka ko da babu jami'i a wurin. Albarkacinsa direba kan sassauta, ido ya faɗa kan kankanata, hannu ya shiga aljihu. A gudun ɗari da ashirin wa ke ganin kankana?

Mutum ne mai haƙuri. An ɗaure masa tumaki ranar kasuwa, an manna masa hoton 'yan takara har sifilinsa ya rufe, bai taɓa cewa uffan ba, sai dai in iska ta taso ya ce ƙwaram-ƙwaram. Ya yi jinyar tsatsa damina uku, amma motar gero daga Babura ce ajalinsa. Direbanta, Daudu, ya rantse shi duk zamansa ya ɗauka lambar shawara ce. Wallahi har yanzu haushinsa nake ji.

Ya rasu ya bar ƙaninsa mai kusurwa uku da hoton saniya, wanda gargaɗi kawai ya iya, ba ya hani. Da ƙanwarsa shuɗiya mai kibiya da ke aure a Kazaure. Da zabin matata Saude, waɗanda ranar Talata su goma sha biyu ne, yau saura bakwai.

'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun zo neman gawa da sikelinsu, na kore su. Gobe bayan la'asar za a ɗauke ta a amalanke daga rumfata zuwa wajen mai walda, ko za a dace ya miƙe. Masu ta'aziyya na tsallaken titi, don Allah ku ɗaga hannu daga can, mun yafe. Tun da Malam ya kwanta, ba mai tsallakowa sai wanda ya gaji da duniya.