Zawon Karen Sarkin Makulli

Jama'a, makon jiya na wanke ƙafa na tafi gidan Mai Girma Sarkin Makulli, wato babban da ke buɗe mana ƙofar ruwan kanal in ya ga dama. Tumatirina a Kadawa ya langaɓe, ƙasa duk ta tsattsage. In ruwa bai zo ba, ni da matata Barira sai dai mu ci haƙuri har damina.

Ban samu ganinsa ba. Kukunsa Dattijo na tarar a bayan gida yana hura wuta, ƙamshin kaza ya cika ko'ina.

Na ce, "Baƙi za a yi?"

Ya ce, "Wane irin baƙi, Malam? Na kare ne, zawo yake yi. Likitan dabbobi ya ce farar shinkafa da tsokar kaza, ba mai ba gishiri. Maigida kuwa ya rantse ba zai taɓa wani aiki ba sai cikin ya tsaya."

Allah ya ƙara wa manyanmu tausayi! A zamanin nan na tsuke bakin aljihu, mu muna yini a layin mai, motar ofis tana zuwa Kano takanas don sayo wa kare kaza. Na leƙa na ga majinyacin kwance a kan bargo. Ya dube ni kamar na zo neman aiki.

Da na ba Barira labari, sai da ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Kabewar nan ta gefen gonarka, dafa masa ita ka dama da shinkafa. Amma wallahi ba a tukunyata ba!"

Haka na tsuguna a ƙofar gida da gemuna, ni da ban taɓa dafa ko ruwan zafi ba, ina tuƙa wa kare abinci a tsohon kasko, maƙwabta sun kewaye ni suna ba da shawara. Kunya kam na sha ta.

To, Allah da ikonsa, da na kai wa karen ya ci, ciki ya lafa. Mai Girma ya fito da kansa ya tambayi inda kabewar take. Da ya ji ita ma ƙishirwa na neman kashe ta, ransa ya ɓaci matuƙa. Kafin la'asar kanal ya cika fal, tumatirina ya sha albarkacin kabewar kare.

Jiya Jaji, wanda gonarsa ke shan ruwa bayan tawa, ya ja ni gefe.

Ya ce, "Ɗan'uwa, an ce karen nan ya fara gudu a tsakar gida. In ya warke sarai, wa zai sake tuna kabewarka?"

Ya danƙa mini ƙullin yaji, ya ce, "Kaɗan-kaɗan dai, har mu tsinke tumatir."

Ni mutum ne mai tsoron Allah. Amma ƙullin ban mayar masa ba.