Ramukan Baba Tanimu

A wani layi da ke bayan tasha akwai wani dattijo, Baba Tanimu, tsohon malamin labarin ƙasa. Wasu in sun yi ritaya kiwon tantabaru suke kamawa, shi kuwa sai ya kama kiwon hotunan wata. Ba fa kyakkyawan jinjirin nan da ake leƙe ana jajiberin Sallah ba. Tsofaffin hotuna ne marasa kala, waɗanda kumbo ya ɗauko tun Baba yana saurayi, ba komai a cikinsu sai ramuka. Ya sa musu gilashi ya jere a bangon zaure, kullum da safe sai ya bi su da tsumma kafin ma ya karya. Ɗan lelensa a ciki shi ne wanda aka ɗauka daidai inda 'yan sama jannati suka tuƙa 'yar motarsu.

Zaɓe ya matso, sai ga Kansila Sallau ya zo gaisuwa, a ƙafa, yana tattare babbar riga, don can bakin titi ya bar motarsa. Tun wancan zaɓen ya rantse zai gyara layin. Yana ɗaga kai a zaure gaisuwa ta maƙale masa. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana share zufa. Wai wannan ramin na ƙofar mai shayi ne, ya shaida shi, wancan kuma shi ya kifar da kurar mai ruwa bara. Ya ce wannan aikin 'yan adawa ne, ga shi gobe Ciyaman zai zagayo unguwar, saboda haka 'yan rakiyarsa su sauke su maza su yi ofis da su.

Baba Tanimu ya kare bango da jikinsa, yana rantsuwa wata ne.

"Haba Baba," in ji Kansila, "ni za a yi wa wata? Ramukan mazaɓata ne zan kasa ganewa?"

Wani ƙato cikin 'yan rakiyar ya kai hannu kan ɗan lelen. Baba ya riga shi cirowa, ya goge da hannun riga, ya kai shi dab da hancin Kansila.

"Honarabul, mene ne wannan a gefen ramin?"

Kansila ya ƙanƙance ido. "Sawun taya ne."

"To, yaushe rabon mota da layin nan?"